Baƙuwar ƙara a injin a-kori-kura: Yadda ake gano tushenta kafin a kwance inji

Ba kasafai injin mota yake bugawa farat ɗaya ba. Kafin ya tsaya cak, yakan yi kwanaki, wani lokaci makonni, yana fitar da wata ƙara da ba a saba ji ba. Abin da mai motar ya yi tsakanin ranar da ya fara jin ƙarar da ranar da ya shiga gareji shi ne yakan raba gyaran da bai wuce canjin fambel ba da sayen wani injin sukutum.

Lamarin ya fi tsanani ga motocin a-kori-kura, domin ba don ado ake ajiye su ba. Tun daga zamanin Peugeot 404 da 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna, zuwa Toyota Hilux da Mitsubishi L200 da Nissan Navara da Ford Ranger na yau, su ne ke kwaso hatsi daga kasuwannin ƙauye, su kai taki gona, su ɗauki siminti da rodi, su kai ma'aikatan lafiya da jami'an tsaro inda kwalta ta ƙare. Mota ce da kan yini da kaya a baya, cikin ƙura da zafi, sau da yawa nesa da duk wani garejin kirki. Idan ta kwanta, abincin gida guda ya kwanta tare da ita.

Hilux, wadda aka fara ƙerawa a Japan a 1968, ta yi suna wajen juriya, kuma wannan sunan kan jawo mata sakaci. Mai ita yakan ji ƙara ya ce ai Hilux ce, ba ta mutuwa. Tana mutuwa, sai dai takan daɗe tana gargaɗi.

Tambayoyin farko

Ƙwararren makanike ba ya fara da sufana. Da tambaya yake farawa, kuma direban da ya lura da motarsa ya riga ya yi masa rabin aikin.

Abu na farko shi ne a tabbatar cewa daga injin ƙarar take. A tsayar da motar, a cire giya, a taka totur a hankali. Idan ƙarar ta bi tashin injin, tana sauri idan ya yi sauri, to tana cikin injin ko a jikin abin da injin ke juyawa. Idan kuwa ba a jin ta sai motar tana tafiya, kuma saurinta yana bin gudun taya, a nemi matsalar a boris ɗin ƙafa, ko sandar da ke kai juyi zuwa baya, ko giyabos. Idan taka kuloci ya kawo ƙarar ko ya ɗauke ta, hankali ya koma tsakanin inji da giyabos. An sha kwance injin da lafiyarsa ƙalau saboda ba a yi wannan gwaji na minti biyu ba, an bar jaki ana dukan taiki.

Sai kuma lokacin da take zuwa. Akwai ƙarar da ake ji da sassafe kawai, ta ɓace bayan injin ya ɗauki zafi. Akwai wadda ba ta bayyana sai an yi tafiya mai nisa. Akwai wadda sai an hau tudu da kaya. Wannan bambanci yana da tushe: ƙarfe yana buɗewa idan ya yi zafi, baƙin mai kuma yana tsinkewa. Don haka ƙarar da zafi ke kashewa galibi ta wani giɓi ce da ƙarfe ke cikewa idan ya buɗe. Wadda zafi ke ƙarawa kuwa ta wurin da baƙin mai ya daina iya riƙewa ce, kuma ita ce abar tsoro.

Tambaya ta ƙarshe ita ce abin da ya faru kafin ƙarar ta fara. A ina aka sha mai na ƙarshe? Yaushe aka yi juye, kuma wane mai aka zuba? Motar ta ratsa ruwa? Allurar zafi ta taɓa hawa? Wani ya taɓa injin kwanan nan? Ƙarar da ta fara washegarin juye ba ta buƙatar dogon bincike kafin a san inda za a fara dubawa.

Kafin a ci gaba da komai, a zaro gejin baƙin mai a duba, motar tana tsaye a wuri mai daidai, injin a kashe. Ƙarancin mai kaɗai yana iya haifar da wasu da dama daga cikin ƙararrakin da za a ambata a nan. Yawansa fiye da ƙima ma alama ce, musamman a injin gas, domin yana iya nufin man gas yana zurarewa cikin baƙin mai yana tsinka shi.

Kunne da sukundireba

Ƙara tana bin ƙarfe, shi ya sa wanda ya tsaya a gaban mota yakan rantse daga sama take fitowa alhali daga ƙasa take. Tsohuwar dabarar makanikai ta ɗora bakin doguwar sukundireba a jikin inji, a manna ƙotarta a kunne, har yanzu ba a samu wadda ta fi ta sauƙi ba. Ana ɗora ta a kan murfin saman inji, sannan gefen bulok, sannan jikin altaneta da famfon ruwa, ana neman inda ƙarar ta fi kaifi. Ga ƙarar iska kuwa, irin huci ko fito, guntun tiyo ya fi amfani: baki ɗaya a kunne, ɗayan ana zagayawa da shi.

A nan akwai haɗarin da ya shafi irin suturarmu. Hannun babbar riga, ko rawani, ko carbi da ke lilo, fanka da bel suna iya fizgarsu cikin ƙiftawar ido. Wanda zai leƙa injin da ke aiki ya tuɓe duk abin da ke reto.

Gwaji na biyu da ke rage wahala shi ne cire fambel. Bel ɗin nan shi ke juya altaneta da famfon ruwa da injin sanyaya ɗaki, a wasu motocin har da famfon sitiyari. Idan aka cire shi, aka tayar da injin yana da sanyi na kimanin minti ɗaya kacal, ƙarar ta ɗauke, to cikin injin lafiya lau yake. Sai a juya kowane fuli da hannu, a ji wanda ke gurnani ko yake girgiɗi. Ba a wuce minti ɗaya ko biyu, domin ruwa ba ya zagayawa a wannan lokaci. Tsuwwar da ake ji da safe ko idan an murɗa sitiyari har ƙarshe yawanci ta bel ce da ya saki ko ya yi sulɓi. Akwai kuma babban fulin da ke bakin karanshaf, wanda ke da roba a tsakiyarsa. Idan robar ta rabu, yakan yi bugun da ke kama da na inji mai shirin bugawa, har ya tsorata mai mota a banza.

Ƙarar sama

Sirrin gane ƙarar saman inji yana cikin lissafi mai sauƙi. A injin mota, kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawul, tana juyawa sau ɗaya ne duk lokacin da karanshaf ya juya sau biyu. Idan injin yana silo a kan juyi 750 a minti, kowane bawul yana buɗewa kusan sau shida a daƙiƙa. Ƙas-ƙas mai kaifi, marar nauyi, mai tafiya daidai kamar keken ɗinki, wadda ta fi ƙarfi a kan murfin sama, galibi ta bawul ce da giɓinsa ya yi yawa.

Maganinta ya danganta da irin injin. Tsohon 22R na fetur ana saita bawul ɗinsa da noti da sukundireba. Injinan gas irin 3L da 5L, da na fetur 3RZ, da 'yan fayafayan ƙarfe masu kauri daban-daban ake saita su, aikin da ke buƙatar awo da haƙuri. Shi kuwa 2TR mai lita 2.7, wanda ya cika Hilux ɗin fetur a Najeriya, da 1GD da 2GD na gas da suka zo daga 2015, matsin baƙin mai ne ke saita nasu da kansa. A irin waɗannan, ƙas-ƙas na 'yan daƙiƙoƙi bayan motar ta kwana ba abin damuwa ba ne. Idan ta ƙi ɗaukewa, tana nuni da datti a cikin mai, ko man da bai dace ba, ko matsin da ya ragu.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne bawul mai shiru yana iya fin mai ƙara haɗari. Idan giɓin ya rufe gaba ɗaya, bawul ba ya zama daram a mazauninsa, wuta ta riƙa bi ta gefensa har ya ƙone. Wannan ya shafi masu motocin da aka mayar da su amfani da iskar gas ta CNG, waɗanda suka ƙaru tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Iskar busasshiya ce, kuma a injin da ba a ƙera don ita ba mazaunin bawul yakan lotsa sannu a hankali. Alamarta ita ce girgiza a silo da raguwar ƙarfi, ba ƙara ba. Mai irin wannan mota ya kamata ya riƙa sa a auna giɓin bawul a kai a kai.

Akwai wata ƙas-ƙas da ke yaudara. Idan gasket ɗin da ke tsakanin inji da bakin salansa ya ƙone, ko ƙarfen wurin ya tsage, hayaƙi yana tsartuwa da sauti mai kama da na bawul. Bambancin shi ne ta fi ƙarfi da sanyin safiya, ta ragu idan ƙarfe ya buɗe, kuma akan ga baƙin tabon hayaƙi a wurin. Gyaranta ba shi da tsada, amma bai kamata a bar ta ba, domin hayaƙin yana ɗauke da iska mai guba marar wari da ke iya shiga ɗakin direba.

A gaban injin kuma akwai abin da ke haɗa karanshaf da kamshaf. A 22R da 2TR da 1GD sarƙa ce. Idan ta miƙe ko abin da ke ɗaure ta ya gaji, takan yi caccaka kamar ana jan sarƙa a kan kwano, musamman a daƙiƙoƙin farko bayan tayarwa. A 22R, robobin da sarƙar ke bi sukan karye, ta riƙa cin murfin gaba har ta huda hanyar ruwa, ruwa ya gauraya da mai. Injinan 1KD da 2KD bel suke amfani da shi, wanda kamfanin ya ƙayyade a canza a kilomita 150,000, har akwai fitilar tunatarwa a gaban direba. Bel ba ya gargaɗi kamar sarƙa. Idan ya tsinke, fistin ya haɗu da bawul. Kashe fitilar ba tare da canza bel ɗin ba, kamar yadda wasu ke yi kafin sayar da mota, ba ya ƙara masa ko kilomita ɗaya.

Tsakuwa a gwangwani

Direban motar fetur da ya taɓa hawa Hawan Kibo ko hanyar Gembu da kaya ya san wata ƙara mai kama da an zuba tsakuwa a gwangwani ana kaɗawa. Tana zuwa idan an danne totur a babbar giya, ta ɓace da zarar an sassauta ƙafa ko an sauko giya. Ba wani ƙarfe ne ya saki ba. Fetur ne ke fashewa da kansa a cikin silinda maimakon ya ci wuta a tsanake daga fulogi, kuma kowace fashewa duka ce a kan fistin.

Sanadinta na farko shi ne mai marar inganci, musamman wanda aka gauraya da kananzir ko man gas. Wanda ya sha mai a jarka a bakin hanya, ƙarar ta biyo baya, ya san inda zai fara zargi. Gidan mai ma ba tabbaci ba ne a kullum: a watan Fabrairun 2022 kamfanin NNPC ya tabbatar da cewa wasu jiragen ruwa sun shigo da fetur mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙima, kuma masu motoci da dama sun koka da lalacewar ababen hawansu. Sauran dalilan sun haɗa da tarin baƙin gawayi a kan fistin, da injin da ke zafi fiye da ƙa'ida, da fulogin da ba na motar ba, da kuma taimin da aka tura gaba a tsofaffin injina masu distiributa. Injinan zamani suna da na'urar da ke jin wannan bugu ta ja wuta baya da kanta, don haka idan har kunne ya ji shi a sabuwar mota, abin ya fi ƙarfin na'urar ko ita kanta ta lalace. Idan aka bar shi ya daɗe, yakan karya zoben fistin ko ya ƙona gasket ɗin tof silinda.

Injin gas da nozul

Injin gas daman mai ƙara ne, domin ba shi da fulogi. Matse iska ake yi har ta yi zafin da man zai kama da kansa. Wanda ya saba da motarsa ne kaɗai zai gane ranar da muryarta ta canza.

Injinan Hilux na gas da ake wa laƙabi da D-4D suna tura mai da matsin da ya haura ninki 500 na iskar da ke cikin taya, kuma suna fesa ɗan kaɗan kafin babban feshi don rage bugu. Nozul ɗinsu ba ya haƙuri da ruwa ko datti, kuma man gas ɗin da ke ratsa shi shi ne man shafawarsa. Gas ɗin da aka sirka da kananzir ba shi da wannan santsi. Nozul da ya fara gajiya yakan kawo bugu mai kaifi da safe, musamman idan an taka totur kaɗan, tare da hayaƙi da girgiza. Wanda ke zubar da mai fiye da ƙima yana iya tsaga fistin ko ya huda shi.

A tsofaffin injina irin 3L da 5L, makanikai kan sassauta notin bututun kowane nozul ɗaya bayan ɗaya, su ji wanda ƙarar za ta ɗauke a kansa. Wannan dabara ba ta halatta a kan D-4D. Man da ke fita da irin wancan matsi yana iya huda fata ya shiga jiki, kuma bututun da aka sassauta ba lalle ya sake kamawa ba. Kwamfutar gwaji ake haɗawa, ta nuna yawan gyaran da injin ke yi wa kowane nozul. Wanda lambarsa ta kauce sosai daga 'yan'uwansa shi ne abin zargi.

Akwai matsala guda da aka san 1KD da ita, wadda ta cancanci a tsaya a kanta domin tana farawa da ƙaramin abu ta ƙare da babba. Ƙarƙashin kowane nozul akwai wani ɗan zoben ƙarfe da ke hana hayaƙi fitowa. Nozul ɗin kuwa a ƙarƙashin murfin sama yake, inda baƙin mai ke yawo. Idan zoben ya fara yoyo, hayaƙi mai zafi yana shiga cikin mai, ya mayar da shi gudaji-gudaji kamar kwalta. Gudajin su gangara ƙasa su toshe rariyar da famfon mai ke zuƙa ta cikinta. Daga nan injin ya fara yunwar mai alhali geji yana nuna a cike yake. Makaniken da ya san aikinsa yakan haska tocila ta ramin juye ya duba rariyar duk lokacin da aka zubar da mai. Zoben nan kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, kuma ba a mayar da tsoho idan an cire nozul.

Turbo kuma yana da nasa harshen. Siririn fito idan an taka totur ɗabi'arsa ce. Kuka mai kama da jiniya yana nufin fukafukansa sun taɓu, galibi saboda ƙurar da ta ratsa matatar iska. Hure matatar da iskar mai faci yana iya yaga takardarta ba a gani ba, kuma a lokacin hunturu ƙurar da za ta wuce ta wannan yagewa ba kaɗan ba ce. Huci mai ƙarfi tare da baƙin hayaƙi da rashin ƙarfi yawanci tiyon iska ne ya fashe ko ya zame. Idan turbo ya lalace har yana tura baƙin mai cikin inji, injin gas yana iya kama gudu da kansa ko an zare makulli. A motar da ke da kuloci, ana saka babbar giya, a danne birki, a saki kuloci don a shaƙe shi.

Bugun ƙasa

Ƙarar da ake gudu ita ce ta ƙasa. Tsakanin karanshaf da sandar fistin akwai wasu ɓawon ƙarfe masu laushi da makanikai ke kira metal. Giɓin da ke tsakaninsu bai kai kaurin gashin kai ba, kuma baƙin mai ne ke cike shi, ta yadda ƙarfe ba ya taɓa ƙarfe. Idan man ya yanke, ko ya tsinke, ko yashi ya shiga, metal ya cinye, giɓin ya buɗe, sandar ta fara dukan karanshaf.

Sautin mai nauyi ne, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofar katako da guduma daga cikin ɗaki. Ya fi fitowa idan injin ya yi zafi, kuma yakan fito fili a daidai lokacin da aka ɗan taka totur aka sake shi. A injin fetur, idan aka cire wayar wutar silinda ɗaya bayan ɗaya, bugun yakan ragu sosai a kan silindar da ke da matsalar. Sau da yawa fitilar mai tana ƙyaftawa a silo. Ya kamata a san cewa wannan fitila ba ta kamawa sai matsin ya kusa ƙarewa sarai, don haka rashin kamawarta ba shaidar lafiya ba ce. Agogon auna matsi da ake ɗaurawa a gurbin na'urar fitilar shi ke faɗin gaskiya.

Shaida mafi ƙarfi tana cikin man da aka juye. A tara shi a kwano mai tsabta, a kai shi rana. Idan yana ƙyalli kamar an barbaɗa garin tagulla ko azurfa, metal ne ke narkewa. Wasu makanikai kan yanka filtar mai su buɗe takardarta don su gani da ido.

Akwai bugun da ke kama da wannan amma bai kai shi haɗari ba, wato na fistin da ya yi wa silinda kaɗan saboda tsufa. Shi da sanyi yake zuwa, ya lafa bayan 'yan mintuna, kuma injin yana iya shekaru da shi. A motoci masu giya otomatik, farantin da ke haɗa inji da giyabos idan ya tsage yakan kwaikwayi bugun metal har ya ruɗi gwani. Kujerar inji da ta mutu ma tana bugu, amma sau ɗaya, lokacin tashi ko canza giya. Saboda irin waɗannan ne bai dace a yanke hukuncin sauke inji da kunne kaɗai ba.

Damina tana da nata. A-kori-kura da ta kutsa cikin kogi ko kwalbatin da ya cika tana iya zuƙar ruwa ta hanyar iska. Ruwa ba ya matsuwa, don haka sandar fistin ce ke lanƙwashewa. Motar da ta mutu a cikin ruwa ba a sake yi mata ki. Ana jawo ta, a cire fulogi ko abin da ke madadinsa, a fitar da ruwan tukuna. Wadda ta fito da kanta amma ta fara bugu da girgiza daga ranar, sandar ce abin dubawa, kuma awon matsin kowace silinda zai nuna wadda ta gajarce.

Idan bugun metal ya tabbata, a kashe injin nan take, a nemi abin ja. Wanda ya tsaya da wuri yana iya tsira da canjin metal da yankan karanshaf, inda ake rage 0.25 ko 0.50 na milimita a sa metal mai kaurin da ya dace. Wanda ya ce bari ya lallaɓa ya kai gari yana iya ganin sandar fistin ta fasa bulok ta leƙo waje. Daga nan sai Ladipo a Legas, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Nnewi, neman injin da aka cire daga wata motar, wanda babu mai iya rantsuwa a kan tarihinsa.

Maganin da ke rufe baki

Abin da ya fi yawa a gareji idan an kawo inji mai bugu shi ne a zuba mai mai kauri, ko a ƙara wani sinadari mai yauƙi kamar zuma. Ƙarar takan ragu, mai mota ya tafi da murna. Giɓin yana nan yadda yake, an dai toshe masa baki ne. A injinan zamani masu siraran hanyoyin mai, wannan gyaran gangar Auzinawa ne, domin mai mai kauri yana jinkirin isa saman inji da turbo a lokacin tayarwa, lokacin da aka fi buƙatarsa. Kaurin man da ya dace yana rubuce a littafin motar.

Ingancin man shi kansa wani batu ne. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, ta sha kama jabun baƙin mai a kasuwanni, wani an ɗura shi a galan mai tambarin sanannen kamfani. Wanda ake aunawa a kwalba a bakin titi sau da yawa ɗanyen mai ne da ba a sa masa sinadaran da ke hana datti da cin ƙarfe ba. Filtar jabu ma tana da nata sharrin. Ta kirki tana da wani bawul na roba da ke hana mai komawa ƙasa idan an kashe inji. Idan babu shi, kowace safiya injin yana tashi a bushe na 'yan daƙiƙoƙi, abin da direba ke ji a matsayin caccaka kafin fitilar mai ta mutu.

Wannan dabara ta mai mai kauri ita ce kuma ake yi wa mai sayen mota ta hannu. Shi ya sa mai saye ya kamata ya nemi a bar masa motar ta kwana ba a tayar ba, ya zo da sassafe ya taɓa injin da hannu ya tabbatar da sanyinsa, sannan a tayar a gabansa da bonet a buɗe. Ya lura ko fitilar mai tana kamawa idan an murɗa makulli kafin tayarwa, domin akwai masu cire ƙwanta. Bayan haka a yi tafiyar da ba ta gaza minti 20 ba, har da hawa tudu, a dawo a bar ta a silo a sake saurare.

Ga direban da ƙarar ke zuwa masa jefi-jefi, ta ƙi fitowa a gaban makanike kamar yadda ciwo kan ɓuya a gaban likita, wayar hannu ta isa. Ya ɗauki sautin a lokacin da take yi, ya riƙe ko injin yana da sanyi ko zafi, da giyar da yake ciki, da inda allurar juyin inji take, da nauyin kayan da ke baya.